Wurin Agwagwa ta Biyu

"Wannan ne kafintan naki?"

Mas'udu ne ya jefo wa Ikhlas tambayar. Mahaifinta take kallo, Dakta Abdulbaqi, da ya tsaya gaban akwatin gilashi a gidan tarihin da take aikin gyaran tsofaffin yadudduka.

Tun lokacin kullen korona take son Yussif, ɗan Zangon Kumasi mai haɗa akwatunan baje koli. Shekara biyu Dakta yana kan bakansa: bai san tushen yaron ba. Mas'udu kuwa, injiniyan da ke zaryar gidansu a unguwar Al Gharrafa yana neman aurenta, shi ke ƙara gishiri. Yanzu ana gama gasar kofin duniya kwangilar Yussif za ta ƙare, ya koma Ghana. Saura kwana tara. Tsoro take ji, amma fuskarta ko gezau.

"Mene ne wannan, Mamana?" in ji Dakta.

"Siliki ne na Sin, Abba, ya haura shekara dubu. Agwagwar da ke cikin zoben lu'ulu'un nan salon Farisa ce, fatake suka kai musu, masaƙan Sin suka ɗauka."

Mas'udu ya yi 'yar dariya.

"Ko awo bai iya ba. Dubi rabin akwatin fayau."

Gaskiya ne, ƙyallen bai fi tafin hannu biyu ba, gefensa kuma allo ne tsirara.

Dakta ya juya ga Yussif da ke rakuɓe da sukudireba a aljihu.

"Kai ka yi kuskuren nan?"

"Ba kuskure ba ne, Baba. Bibbiyu ake saƙa agwagin nan, suna fuskantar juna, igiya ɗaya a bakinsu. Kun ga igiyar ta tafi dama ta yanke... Ikhlas ta ce an yaga ƙyallen ne tun da daɗewa. Na auna wannan, na bar wa 'yar'uwarta wuri, ko wata rana a gano ta."

"In ba a gano ba fa?"

"Wurin na nan dai, Baba."

Dakta ya daɗe yana bin igiyar da ido. Mas'udu ya duba agogo, ya ce yalla, su tafi, za a fara wasan ƙwallo. Babu wanda ya motsa.

"Wa gare ka a Kumasi?" Dakta ya tambayi Yussif.

"Kawuna Gariba. Shi ya riƙe ni."

"Ka ce ya kira ni ranar Juma'a."

Ikhlas ta sunkuyar da kai, ta ciro ƙyalle tana goge gilashin da babu ko ɗigon datti a kansa.