Gaisuwar Ƙadri Ranar Bankwana

Safi ta dangwara dutsen guga a kan rigarta da ƙarfi, har garwashi ya yi tsalle ya faɗo a tabarma.

"Ke! Gida za ki ƙona mini don gobe kuna gama makarantar lakol?" Inna Shatu ta daka mata tsawa daga bakin murhu, inda take matsar man gujiya, wato gyaɗa.

"Inna, don Allah ki sake yi wa Baba magana. Yau kaɗai ta rage fa! Gobe in an watse Ƙadri zai koma ƙauyensu Attantane, daga can sai karatu a Yamai, shekara uku cur. In Baba bai amsa ba kafin nan, shi ke nan."

"Na yi magana har bakina ya bushe, 'yar nan. Ubanki ne, kin fi ni saninsa."

Wata shida ke nan ana wannan ja-in-ja a gidan Alhaji Danda, kuma in ka ji abin da ya haddasa ta sai haushi ya kama ka. Ba sata Ƙadri ya yi ba, ba zagi ba. Gaisuwa ce kurum!

Alhaji Danda mai sayen gujiya ne, sikelinsa ya fi na kowa jama'a a kasuwar Tasawa. Ƙadri kuwa ɗan manomi ne, amma tun da ya shiga kolej ba wanda ya taɓa wuce shi a aji. Su biyu da Safi sun daɗe da fahimtar juna, har kawunsa ya zo da goro, Alhaji ya karɓa ya ce sai ya ga yaron tukuna. Ranar da aka buɗe cinikin gujiya Ƙadri yana hutu, ya rako jakunan ubansa kasuwa. Da ya hango Alhaji a gindin sikeli sai ya rasa abin yi. Shekara huɗu ana buga masa a ka cewa mai ladabi tsaye yake gaisuwa, ya dubi babba cikin ido, ya miƙa hannu. To, abin da jikinsa ya saba shi ya yi. Ya taka da takalminsa har kan buzun Alhaji, ya miƙe ƙyam, ya miƙa hannu ya ce, "Bonjour, Alhaji!"

Tirƙashi! Alhaji ya dubi hannun, ya dubi yaron, ya juya ya ci gaba da awonsa. Hannun ya tsaya a iska har ya gaji ya sauka don kansa. Daga ranar 'yan dako suka sami abin wasa. Kowa ya sauke buhu sai ya gantsare ya miƙa wa ɗan'uwansa hannu ya ce "Bonjur, Alhaji," kasuwa ta ɗauki dariya. Sau uku Ƙadri yana zuwa zaure neman gafara, sau uku ana ce masa mai gida ba ya nan, alhali ga takalman mai gidan a bakin ƙofa.

Suna cikin maganar sai suka ji gyaran murya. Alhaji ya shigo riƙe da wata takarda. Safi ta ajiye guga ta durƙusa.

"Shatu, ga takarda daga lakol. Wai gobe in je in zauna a rumfar manya, tunda ni ne shugaban iyayen yara."

"To Alhamdu lillahi. Alhaji, tunda Allah ya kawo ranar, maganar yaron nan…"

"Wane yaro? Mai bonjur?"

"Baba, wallahi bai yi don raini ba," Safi ta ce. "Haka aka koya muna. In ka durƙusa a lakol bulala za ka sha."

Alhaji bai dube ta ba. Ɗiyar fari ce, ko sunanta ba ya kamawa. Matarsa ya fuskanta.

"Ki gaya wa yarinyar nan, ni ban hana ta karatu ba lokacin da duk garin nan ke zagina a kai. Amma ban ba da ɗiyata ga wanda ya ɗauke ni sa'arsa. A gaban jama'a ya yi mini, yanzu kuma yana raɓowa zaure ya durƙusa inda ba mai gani? Ban so! Ya riƙe abinsa."

Ya shige ɗakinsa. Safi ta kifa kanta a kan rigar da ta goge, ta yi ta kuka har rigar ta jiƙe, sai da ta sake hura garwashi.

Washegari da hantsi filin kolej ya cika. An kafa rumfa, an ɗaga tutar ƙasa, wadda a lokacin shekararta biyar kacal. Kafin baƙi su iso, darakta Mushe Gazali (Mushe ake kiran malaman lakol) ya jera 'yan ajin ƙarshe a bayan azuzuwa, ya maimaita abin da ya yi mako biyu yana koya musu.

"Kowa ya karɓi takardarsa, ya bi layin manya ɗaya bayan ɗaya, ya ba su hannu. A tsaye! Tenez-vous droit! Na ga ubana yana durƙusa wa Bature kumandan cikin rana, hularsa a hannu. Mun gama da wannan. Sufurefe, babban jami'in gwamnati na yankin nan, na nan yau, duk wanda ya tsuguna mini kamar ɗan ƙauye, kada ya zo neman sa hannuna a kan komi."

Ya tsaida ido a kan Ƙadri. Kowa ya san abin da yake nufi. Gurbi ɗaya aka ba makarantar na ci gaba da karatu a Yamai, kuma wasiƙar darakta ce ke kai mutum.

Da aka sallame su, Safi ta tarar da Ƙadri a gindin dalbejiyar da ya dasa shekarar da ya shigo. Ya sa wandon kaki da wasu baƙaƙen takalma masu igiya, waɗanda Mushe Tanko malamin lissafi ya ara masa.

"Alhaji ya ce mi?" Ƙadri ya tambaya.

"Ya ce durƙuson ɓoye ba ya so."

"To ni ya zan yi, Safi? In na ba shi hannu yau, na ƙara. In na wuce shi ban gaishe shi ba, ya fi muni. In na durƙusa, Yamai ta tafi. Ubana ya sayar da sansa na noma don in yi karatun nan!"

"Ni na ce ka yi wani abu? Ka ji na ce?" Ta share ido da gefen kallabi. "Na gaji, Ƙadri, wallahi na gaji. Gida a ce mini mai bonjur, lakol a ce mini tenez-vous droit. Kowa da gaskiyarsa, ni kaɗai ce ba ni da tawa. Ka tafi Yamai abinka, Allah ya ba da sa'a."

Ta juya ta tafi da sauri don kada ya ga fuskarta. Mushe Tanko, wanda ke wucewa da kujera a hannu, ya ji ƙarshen maganar. Dattijo ne Kirista, ya koyar da rabin ma'aikatan garin. Ya tsaya ya dubi ƙafafun yaron.

"Sun matse ka?"

"Kaɗan, Mushe."

"Ni ma suna matsa ta. Shi ya sa in na je gaida tsohuwata a Kona nake cire su tun daga bakin danga." Ya ɗauki kujerarsa ya wuce.

Aka fara biki. 'Yan ƙananan azuzuwa suka rera waƙar bankwana, wasu na dariya wasu na jan majina. Sannan aka yi al'adar makarantar: kowane mai fita ya kama hannun ƙaninsa na lakol ya kai shi gindin itacen da ya dasa, ya damƙa masa gwangwanin ban ruwa. Safi ce ta yi magana a madadin 'yan mata biyar da suka kai ƙarshe. Ta gode wa malamai ɗaya-ɗaya da sunansu, ta roƙi gafarar wanda suka ɓata wa, ta juya ga ƙananan.

"Ƙannena, mun shigo mu goma sha tara, mun fita mu biyar. Kada ku bari ku ragu kamarmu. Ku yi haƙuri da malamai, ku yi haƙuri da gida, ko da… ko da haƙurin ya yi muku nauyi."

Nan ta tsaya, ta koma ta zauna. Aka tafa mata. A rumfa Alhaji Danda ya sunkuyar da kai yana jan carbi kamar ba ɗiyarsa ce ta yi magana ba.

Sai aka zo rabon takardu. Sunan farko da aka kira na Ƙadri ne.

Ya karɓi takardarsa. Ya ba darakta hannu, ya ba sufurefe hannu, ya ba likita, ya ba mai gidan waya, duk a tsaye ƙyam yadda aka koya masa, Mushe Gazali na gyaɗa kai. Kujera ta biyar ta Alhaji Danda ce. Alhaji ya riga ya cusa hannuwansa biyu cikin babbar riga, ya kau da fuska.

Saura taku uku Ƙadri ya tsaya. Ya ajiye takardar a ƙasa. Ya sunkuya ya kama igiyar takalmi.

Wayyo, takalmin aro! Da safe don tsoron kada ya kwance masa a gaban mutane, ya yi masa ƙulli uku-uku. Ya ja, ya ƙi. Ya sa farce, ya ƙi. Gumi ya keto masa. Wani yaro a layin 'yan ajin farko ya ƙyalƙyale, sauran suka ɗauka, filin ya kaure da dariya. Safi ta rufe fuska da hannu biyu, ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ƙadri! Debout!" darakta ya ce ta cikin haƙora. "Tashi, na ce!"

Bai tashi ba. Ya fizgi igiyar da ƙarfi ta tsinke, ya zare ƙafa ɗaya, ya tsinke ta biyu, ya ture takalman gefe. Ya taka ƙasa da ƙafa tsirara har gaban Alhaji, ya durƙusa gwiwa biyu, kansa a ƙasa.

"Baba, ina kwana. Na yi maka laifi a sikeli gaban jama'a. Ga ni gaban jama'a, ka gafarta mini."

Dariyar ta ɗauke ɗif. Ba ka jin komi sai ƙarar tuta a iska. Alhaji bai motsa ba. Ya dubi tsinkakkiyar igiya, ya dubi takardar da ke kwance cikin rairayi, ya dubi darakta wanda fuskarsa ta haɗe kamar hadari. Ɗan kasuwa ne, ya san abin da aka sayar da arha da abin da aka biya da tsada.

"An ce kai za a kai Yamai," ya ce a hankali.

"A da ni ne, Baba."

Can sai Alhaji ya zaro hannunsa na dama daga cikin riga, hannun nan da ya hana a sikeli wata shida da suka wuce, ya miƙa shi ƙasa.

"Kama. Babba ke miƙawa, yaro ya karɓa. Tashi, ɗana."

Ƙadri ya kama da hannu biyu. Alhaji ya ɗaga shi tsaye, ya ce yadda duk rumfar za ta ji, "Ka gaya wa kawunka ya dawo. Ya zo da sabon goro, wancan ya bushe."

Daga can bayan danga, inda mata suka taru suna leƙe, Inna Shatu ta rangaɗa guɗa ba ta ko ji kunya ba. 'Yan makaranta suka hau tafi, waɗanda suka yi dariyar su suka fi kowa. Safi kuwa kuka take, ƙannenta na lakol sun rungume ta suna taya ta ba su san dalili ba. Mushe Tanko ya je ya tsinci takalmansa, ya ɗaga su yana duba igiyoyin, ya girgiza kai yana murmushi.

Kada ku ce komi ya tafi daidai, don bai tafi ba. Mushe Gazali mutum ne mai magana ɗaya. Ya ba Laminu, na biyu a aji, wasiƙar Yamai, kuma da Ƙadri ya je yi masa bankwana a biro, wato ofishinsa, bai ɗago kai ba. Abin ya yi wa Ƙadri ciwo ƙwarai, ya yi kwanaki ba ya son magana, ubansa ma sai da aka yi ta lallashi. Aka tura shi koyarwa a wata makaranta mai rumfunan zana a Kanan Bakashe. Bayan kaka, da aka kwashe gujiya, aka ɗaura aurensa da Safi, ita ma ta kama ajin 'yan mata a can.

Ku da ke shirin barin makaranta, ga abin da nake so ku riƙe. Ilimin da malamai suka ba ku naku ne, ku tsaya da shi a tsaye gaban kowa. Amma kada ya hana gwiwarku lanƙwasawa gaban waɗanda suka haife ku da waɗanda suka haifa muku. Wanda ya ɓata a fili ya gyara a fili, ya kuma yi haƙuri da abin da gyaran zai ci masa. Safi ta jira wata shida da hawaye ba ta ɗaga wa ubanta murya ba, Allah kuma bai bar ta haka ba.

Shekaru da yawa bayan haka, duk Jumma'ar da Ƙadri ya zo Tasawa, tun daga bakin zaure yake cire takalmi. Kuma bai sake sayen mai igiya ba.