Jan Fenti a Bakin Tafki

A gindin wata tsohuwar bishiya ta fara ganinsa, da buroshi a hannu, yana shafa wa kututturen jan fenti. Ita malama ce mai koyar da ilimin ƙasa, ta fito tara sa hannun masu adawa da sabuwar doka. A da, ba a sare itace sai an yi nisan mita ɗari biyar daga bakin tafki. Yanzu ana so a mai da shi mita ɗari kacal.

"Bawan Allah, ba ka jin kunya?" ta ce. "Bishiyar nan ta girmi kakanka."

Ya juyo da murmushi. "Ranki ya daɗe, awo nake yi."

"Awon sara dai." Ta ɗaga waya ta ɗauke shi hoto, ta wuce abinta.

Ba a banza ta zarge shi ba. Babanta ya shekara talatin yana malamin daji, kuma a aikinsu bishiyar da aka shafa wa ja ta gama kwananta.

Kwana uku hoton mai awo yana yawo a allunan masu gangami. A na huɗu mai awon ya same ta a ɗakin malamai, ya shimfiɗa taswira a kan littattafan da take dubawa.

"Kamfanin katako ne ya ɗauke ni," ya ce. "Sun ce in fara awo daga inda ruwa yake yanzu, alhali da rani tafkin ja da baya yake. Duk bishiyar da na shafa wa ja, akwai tabon ruwan damina a gindinta. Nan ne bakin tafki na gaskiya. In aka auna mita ɗari daga bakin rani, laka kawai doka za ta kare."

Malama ta daɗe tana kallon taswirar. "To me ya sa ka zaɓi ja?"

"Shi na tarar a mota."

Dariya ta kuɓuce mata, sannan kunya ta rufe ta. Da yamma ta tura masa saƙo: "Mai Jan Fenti, na sauke hotonka daga alluna. Ka yafe ni."

Amsa ta zo nan take: "Na yafe, 'Yar Tafki. Amma na wayarki kada ki goge shi."

Daga nan kullum bayan an tashi makaranta suna tare, ita da takardar sa hannu, shi da taswira, suna bin masunta da masu lambu suna yi musu bayani. Kafin wata ya cika, hirarsu ta wuce maganar mita.

Lauyan ƙungiyar masu adawa da dokar, wanda ya daɗe yana sonta, shi ya kai wa Baba tsohon hoton. Baba ya kira ta tsakar gida.

"Hannun da ya shafa wa itatuwana ja ba zai ƙwanƙwasa ƙofata ba."

"Baba, ba alamar sara ba ce."

"Ni za ki koya wa fenti?"

Ta rubuta wa mai awo: "Baba ya ƙi." Shi kuma ya rubuto: "Kada ki yi jayayya da shi, masoyiyata. Ki ajiye taswirar kusa da rediyonsa kawai."

Ranar sauraron ra'ayin jama'a zauren majalisa ya cika har tagogi. Mai awo ya miƙe, ya san daga yau ba shi da aiki a kamfanin, ya nuna layin rani da layin damina. Wakilin kamfani ya ce, "Wa zai tabbatar da zanen yaron da ya bi tabo a jikin itace?"

Sai aka ji sanda ta daki ƙasa. Baba ne.

"Ni. Jiya da safe na ɗauki taswirarsa na bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya, arba'in da bakwai. Duk inda ya sa ja, na taɓa tsayawa a wurin ruwa na lasar ƙafata." Ya juya ya harari mai awo. "Kuskurensa ɗaya. Ya tsallake wata a bayan dutse. Gobe ya zo gida in nuna masa."

Zaure ya ɗauki tafi. Malama ta rufe fuska da takardunta, don ita kaɗai ta san nauyin wannan "ya zo gida".

Majalisa ta janye dokar. Mita ɗari biyar ta tsaya, kuma aka rubuta cewa daga bakin damina za a riƙa aunawa. Mai awo aka ba aikin kafa iyakar.

Ranar ɗaurin aure Baba ya miƙa wa ango wani gwangwani a leda. Ya buɗe, sai ga koren fenti.

"Kada in sake ganin ja a dajina," in ji Baba. Ya dafa kafaɗarsa. "Ga 'yata nan, ka kula da ita kamar yadda ka kula da bakin ruwan nan. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriyar da za ta sha inuwar itatuwan."

Amarya ta sunkuyar da kai tana murmushi, jama'a suka amsa da amin.