Ɗan Buroshin Kaka

Akwai wani yaro da ake kira Mazari a gidansu. Kakarsa ce ta laƙaba masa sunan, domin ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko abinci yake ci, ƙafarsa ɗaya tana bakin ƙofa.

Kaka ta daɗe da giɓi a gefen bakinta, ba ta iya tauna nama. Sai Baba ya kai ta wurin likitan haƙori, aka yi mata dashe. An kafa ɗan ƙarfe a ƙashin muƙamuƙinta. Da ya kama, aka ɗora sabon haƙori a kai.

Likita ya ba ta buroshi mai laushi, da wani ɗan siriri kamar tsinke, mai gashi a baki. Da shi ake share tsakanin haƙora. To, amma idon Kaka ya yi rauni, hannunta kuma yana rawa.

Mama ta ce, "Mazari, ni ina shago har yamma. Kullum in Kaka ta ci abincin rana, ka riƙe mata madubi, ka taya ta da ɗan buroshin nan."

"An gama, Mama!"

Kaka ta yi dariya. "Wannan mijin nawa? Bakinsa ya fi hannunsa sauri."

Da farko ya yi ƙoƙari. Sai dai aikin yana son natsuwa, ga abokai a waje suna ta kaɗa ƙararrawar keke.

Wata rana laka ta cushe sarƙar kekensa. Ya sa tsumma, bai shiga ba. Ya sa kara, ya karye. Sai ya tuna da ɗan buroshin Kaka. Ya lallaɓa ya ɗauko, ya ce yanzu zai mayar.

Sarƙa ta fita tas. Buroshi kuwa ya yi baƙi ƙirin, gashinsa ya lanƙwashe. Mazari ya wanke da sabulu, a banza. Sai ya cusa shi cikin wani tsohon takalmi.

Da rana Kaka ta ce, "Maigida, ina ɗan tsinken nawa?"

"Ya ɓata, Kaka. Amma kada ki damu. Ai haƙorin ƙarfe ne, tsutsa ba ta cin ƙarfe."

"Haka ne fa," in ji Kaka. "Kai ne ɗan makaranta. Dama ni ma ya ishe ni."

Ya fita a guje, yana jin ya yi wayo.

Ba a daɗe ba Kaka ta fara tauna da gefe ɗaya. Daga nan ta fara ture kwanon abinci. Tsokanar ma ta daina. Wata safiya ta kurkure baki, Mazari ya ga jini a cikin ruwan.

Ranar a aji bai ji komai ba. Ya tashi, ya zauna, ya fere fensir har ya ƙare.

Malama ta ce, "Kai, ƙaya ce a kujerarka?"

"A'a, Malama."

Ƙayar tana cikin zuciyarsa. Yana tsoro kada haƙorin Kaka ya fita, ta koma ba ta iya cin komai, kuma shi ne sanadi.

Da aka tashi bai wuce gida ba. Ya nufi shagon Mama, yana haki.

"Lafiya? Wa ya koro ka?"

"Mama, ni na lalata buroshin Kaka. Na goge keke da shi. Kuma na ce mata ba sai ta share haƙorin ba."

Mama ta ajiye abin da ke hannunta. Ta dube shi.

"Buroshi ana sayen wani," ta ce. "Ƙaryar ce ta fi ɓata mini rai. Rufe tagar nan, mu je mu ɗauki Kaka."

A asibiti Mazari ya kasa zama a benci, sai kai da kawowa yake yi. Can likita ya leƙo, ya ce a shigo da shi.

"Kai ne malamin da ya ce tsutsa ba ta cin ƙarfe?"

Mazari ya sunkuyar da kai.

"Gaskiyarka, ba ta ci. Amma me ke riƙe da ƙarfen? Dasashi ne da ƙashi, su kuwa masu rai ne. In datti ya taru, sai dasashi ya kumbura. In aka bari ya kai ƙashi, haƙorin ya fara girgiɗi."

"Ya kai ƙashin?" in ji Mazari.

"Bai kai ba. Kun zo da wuri."

Mazari ya fashe da kuka, ya riƙe hannun Kaka. "Ki yafe mini, Kaka."

Bakinta cike da auduga, amma ta ja kunnensa a hankali. "Na yafe. Ni ma da laifina, na bi shawarar miji mai gajeren wando."

Likita ya wanke wurin, ya ba su sabon buroshi. Ya nuna wa Mazari yadda ake shigar da shi sannu sannu, ba da ƙarfi ba.

Kumburin ya sauka, haƙori ya tsaya daram. Ranar da Kaka ta koma cin abinci sosai, ta cinye namanta, ta miƙa hannu ta ɗauke nasa. Mazari ya bar mata don murna.

Tun daga nan ya gane abu biyu. Haƙorin dashe yana son tsabta kullum, kamar wanda ya tsiro mana da kansa. Kuma in ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, tun kafin wani ya cutu.