Mai Kira na Ƙarshe

Barista Shamsiyya ta wuni a kotu, ga shi bayan isha'i tana gidan rediyo a Haɗeja, tana amsa tambayoyin masu sauraro kan gado da iyakar gona. Muryarta har ta dushe. Ta ce a ranta daga wannan kiran sai gida.

Wani tsoho ne, maganarsa a hankali, kamar daga ƙarƙashin ruwa take fitowa.

"'Yata, tun kafin a kafa garin nan muke zaune a bakin kogi. Bana wani manomin shinkafa ya sare bishiyar da muke ciki. Wace kotu za mu kai shi?"

Ta murza ido. "Baba, kuna da takardar filin?"

"Ba mu da ita. Amma manomin nan mahaifinki ne, shi ya sa muka fara da ke."

Ta ɗago kai. Ta bayan gilashi, Haladu mai kula da na'ura ya nuna mata wayar a kashe, yana tambayarta da hannu da wa take magana.

Ta cire abin sauraren daga kunnenta. Ɗakin ya cika da ƙarnin laka.

"Muna saurarenki, 'yata," in ji muryar, daidai ƙeyarta.