Kunkunniya a Ƙirjin Nelida

Yammacin da abin ya fara, babu abin da ya raba shi da na kullum. Rana ta faɗa bayan duwatsu, sanyin garinmu El Alto ya fara shiga ƙashi, kowa ya jawo ƙofarsa. A gidan Gumersindo Ticona, matarsa Basilia tana juya miyar busasshen dankali, 'yarsu ɗaya tilo Nelida tana tsefe kitso a bakin murhu. A-kori-kurar Gumersindo, fara mai shan dizal, wadda yake ɗauko lemo da ayaba da ita daga kwarin Yungas, tana tsakar gida a kashe. Makullin yana aljihun wandonsa.

Nelida ce ta fara gani ta taga.

"Baba, ka bar wuta a mota."

Ya fita yana gunaguni. A gaban sitiyari wata 'yar fitila ruwan ɗorawa, mai siffar inji, tana ci ita kaɗai a cikin duhun motar. Ya sa makulli ya murɗa, ya zare, fitilar tana nan. Ya buɗe gaban motar ya cire kan batir. Da ya leƙo, fitilar tana kallonsa kamar bai yi komai ba.

Yana tsaye sai wani abu ya faɗo a kan rufin kwano, ƙwal. Aka yi shiru. Sai wani kuma. Tsakuwa ce, tana gangarowa a hankali har ta faɗo gabansa. Ya ɗaga murya ya zagi yaran maƙwabta har iyayensu. Babu wanda ya amsa, don babu kowa a titin.

Da safe Basilia ta ga bangon da ke bayan motar ya yi baƙi daidai bakin salansa. Kunkunniya ce mai kauri, irin wadda ke taruwa a rufin ɗakin girki, ta hau bangon har tsayin mutum. Motar kuwa ba a tayar da ita ba. Basilia ta wanke. Washegari ta dawo, ta fi jiya faɗi.

Duk wanda ya san Gumersindo ya san ba a gaya masa magana. Mutum ne ƙaƙƙarfa, mai ɗaukar buhu a kowace kafaɗa, kuma a wurinsa duk abin da ya lalace a duniya akwai sifanar da ke gyara shi. Da Basilia ta ce a nemi wanda ya san irin waɗannan abubuwa, dariya ya yi, ya tuƙa motar tana tari tana numfarfashi zuwa garejin Wilber makanike.

Wilber ya shiga ƙarƙashin motar, ya fito yana karkaɗe hannu.

"Maigida Gumer, motarka mura take yi. Akwai wata matatar ƙarfe a cikin salansa mai tare baƙin hayaƙi, ita ce ta toshe. Ko ka hau babban titi ka ba ta wuta ta ƙone dattin da kanta, ko mu jiƙa ta mu wanke, ka dawo jibi."

"Jibi? Lemon ya jira ni har jibi? Yanke ta ka jefar."

"Kai dai ba ka da haƙuri, tsoho. In na yanke, duk wanda ya biyo bayanka sai ya koma gawayi."

"To ya wuce gaba mana. Yanke."

Wilber ya yanke. Daga baya ya sha faɗa mana cewa da ƙarfen ya rabu, baƙar toka ta zubo masa a fuska, kuma ya ji wani sauti ya fito daga ciki, kamar ajiyar zuciyar tsohon da aka tasa daga barci. Ya haɗa bututun, fitilar ta mutu, Gumersindo ya koma gida yana fito.

Da magariba Nelida ta fara tari.

Tari ne busasshe, daga can ƙasan ƙirji. Ta sa gefen mayafinta a baki, da ta cire sai ga baƙi. Uwar ta shafa da yatsa ta shinshina. Warin dizal. A daidai lokacin tsakuwa ta soma sauka a kan kwano, ba ɗaya-ɗaya ba yanzu, kamar ana zubar da ita da kwando.

An kai ta asibiti, an ɗauki hoton ƙirji, aka ce fes yake. Aka ba da magani, ta sha har ya ƙare. Da rana sai ta kwanta lamo, yarinyar da a da ba ta iya zama wuri ɗaya, ko cokali ba ta iya ɗagawa. Da rana ta karkata sai numfashinta ya yi gajere, tsakuwa ta fara. Maƙwabta suka daina bi ta ƙofar gidan. Har karnukan layin suka koma kwana a wancan gefen.

Wata magariba Basilia tana goge mata baki, sai yarinyar ta buɗe ido ta dube ta, duban da ba na 'ya ba. Muryar da ta fito ta namiji ce, tsohuwa, mai nauyi.

"Na gaji," in ji muryar. "Wayyo, na gaji."

Basilia ba ta yi ihu ba. Ta miƙe ta yafa bargo, ta tsaya a kan mijinta.

"Baban Nelida, yau ko ka yarda ko kada ka yarda. In kana da sifanar wannan, ɗauko."

Wannan karon bai hana ta ba.

Wanda ta kawo shi ne dattijon da ake kira Tata Anselmo, yatiri, wato boka mai duba da ganyen koka. Ɗan ƙaramin tsoho ne, tsawa ta taɓa faɗa masa yana saurayi ta bar masa tabo a wuya, tun daga nan yake jin abin da sauran mutane ba sa ji. Ya iso washegari rana na shirin faɗuwa. Bai shiga ɗaki ba tukuna. Ya zagaya motar a hankali, ya dubi baƙin bangon, ya durƙusa ya daɗe a wajen tayar baya. Sannan ya shiga ya shimfiɗa ƙyallensa a ƙasa, ya yayyafa giya a kusurwoyin ɗakin, ya watsa ganyen. Ya daɗe yana duban yadda suka faɗi.

Tsakuwa ta fara. Tata Anselmo ya kama babban yatsan yarinyar.

"Baƙo, sannu da hanya. Daga ina?"

Ƙirjin Nelida ya ɗaga ya sauka.

"Daga sama," in ji muryar. "Inda hanya ke gama hawa."

"Me ya kawo ka gidan mutane?"

"Ban zo ba. Kawo ni aka yi. Tambayi mai motar abin da ya tare tayarsa da shi."

Nan take Gumersindo ya tuna. A ƙololuwar hanyar Yungas akwai tarin duwatsu da ake kira apacheta. Kowane matafiyi in ya kai nan sai ya ɗauki dutse a gefen hanya, ya shafa a goshi da gwiwoyi, ya ɗora a kan tarin, ya bar gajiyarsa a ciki. Yaro ma ya san ana ƙarawa ne, ba a ragewa. Amma ran nan motar ta rage ƙarfi a kan hawan, ta soma ja da baya, ga hazo ga rami. Ya dira ya wawuri dutsen da hannunsa ya fara kaiwa gare shi a kan tarin, ya tare tayar da shi. Da motar ta tashi sai ya jefa shi a baya, don ya ga ya yi daidai da taya. Tun ranar, shi yake sa wa tayar a tsakar gidansa.

"Ban sani ba," ya ce da ƙyar.

"Ka sani," in ji muryar. "Sauri kake yi."

Tata Anselmo ya sa ganye a baki ya tauna.

"An yi maka laifi, baƙo. Amma yarinya me ta yi?"

"Ban neme ta ba. Na sami ɗaki a cikin ƙarfen, mai ɗumi, mai duhu, na zauna. Na kunna masa fitila don ya tuna, na jefo masa tsakuwa don ya tuna. Sai ya sa aka yanke ɗakin aka jefar. Ina zan shiga? Ƙirjinta ne a buɗe."

"To za a mayar da dutsenka. Gobe, da koka da giya da kitsen llama, raƙumin dutse. Ka fita."

Wata dariya ta fito daga bakin yarinyar, ta ƙare da tari baƙi.

"Dutsen fanko ne yanzu, tsoho. Gajiyar da ke cikinsa ta zube. Ta masu jakuna ce, da masu dakon gishiri, da matan da suka hau da goyo, tun kafin a yi mota. Ni mai gadinta ne kawai. Zan koma, amma ita ba ta komawa. Sai an sami mai ɗauka."

"A ɗora wa motar."

"Ƙarfe ba ya gajiya."

"Baƙar tunkiya fa?"

"Ta mutum ce. Mutum zai ɗauka. In babu, yarinyar tana riƙe da ita, sai dai ba za ta kai ƙarshen wata ba."

Tsakuwar ta tsaya cak. A cikin shirun ba a jin komai sai numfashin Nelida, siriri kamar zare. Basilia ta buɗe baki, amma mijin ya riga ta. Ya durƙusa a gaban gadon, wannan ƙaton mutum, hawaye na bin gemunsa.

"Ni na ɗauko. Ba ni."

Tata Anselmo ya dube shi.

"Gumersindo, ka ji da kyau. Ba a sauke wannan. Barci ba ya rage ta."

"Tata, na ji. Ba ni."

Tsohon ya ɗauki hannun uban ya ɗora a ƙirjin 'yar. Nelida ta yi wani dogon tari, baƙar toka ta fito ta bakinta ta tsaya a iska, sannan ta watse. Gumersindo ya sunkuya kamar an aza masa buhu a wuya. Yarinyar ta ja numfashi har ƙasan ciki, ta buɗe ido.

"Mama, yunwa nake ji."

Washegari aka mayar da dutsen. Wilber ne ya tuƙa su, don Gumersindo bai iya taka kulochi ba. Daga bakin hanya zuwa tarin ɗan taƙi ne, amma sai da ya huta a tsakiya.

Bai mutu ba, bai kuma yi ciwon da likita zai gani ba. Yana ci, yana hira, har yana tsokanar mutane in sun wuce. Sai dai in ya tashi da safe, kamar wanda ya kwana yana hawan dutse yake. Kullum yana zaune a kan benci a ƙofar gida, hannuwansa a kan gwiwa. Ni dai ban taɓa jin ya yi da-na-sani ba, kuma wannan ya fi komai ba ni tausayi.

Nelida ta girma, ita ke jan motar zuwa Yungas yanzu. Duk tafiya, kafin ta fita, sai ta ɗauki ɗan dutse ta shafa a goshin ubanta da gwiwoyinsa. In ta kai ƙololuwa ta ɗora biyu a kan tarin, nata da nasa. In ta dawo da lodin lemo sai ta tsaya ta duba. Nata yana nan inda ta sa shi. Nasa kuwa kullum a ƙasa take samunsa, ya gangaro har bakin kwalta.