Waƙar da Labbo Ya Iya

"Ajiye abin nan, Bara'atu!"

Bututun na bakinta Inna ta faɗo ɗakin. Melodika ce, ɗan ƙaramin fiyano da ake busawa, hedimasta ya ba ta don ta riƙa yi wa 'yan ajin da take koyarwa taken ƙasa a firamaren Adabka.

"Inna, koyo nikai..."

"Koyon mi? Zinatu ta hwaɗa min komi! Wai wani mabushi ka koya miki, har aurenai kika so. Gidanga ba mu haɗa iri da maroƙa!"

Zinatu 'yar maƙwabta ce, ta daɗe tana son mabushin, Labbo, shi ko bai san tana yi ba.

Labbo kuwa makiyayi ne. Wata rana ya ji Bara'atu a bayan makaranta tana azabtar da melodikar, abin yana kuka kamar ɗan akuyar da aka taka, sai ya tsaya ya dogara sandarsa.

"Malama, wuta kika hurawa? Ɗauko numfashin daga ciki, sannu sannu."

Bai san maɓalli ko ɗaya ba, sarewa ya iya. Sai ya riƙa busa mata wata 'yar waƙa, ita kuma tana lalubo ta da yatsa ɗaya. Wata guda taken ƙasa bai samu ba, amma son Labbo ya kama ta sosai, ba ta kuma musa wa kanta ba.

Ranar faɗan Inna da la'asar, mahaifinta, Malam Sa'idu, ya sa aka kira Labbo zaure.

"Busa ce sana'arka?"

"A'a Baba, kiwo nikai. Ban taɓa busa ma mutum don shi ba ni komi ba."

"To wa kaka busa ma?"

Labbo ya sunkuyar da kai. "A bar Malama ta busa abin da na koya mata, Baba shi gani."

Daga bayan ƙofa Bara'atu ta fara. Numfashi ya yanke mata a tsakiya!

Ta tuna, daga ciki, sannu sannu. Ta sake, ta kai ƙarshe, ta maimaita.

Can sai ga shanun da Labbo ya bari a filin bayan gidan sun taho, wata farar saniya a gaba, ta zuro kai cikin zaure.

Bara'atu ta manta da kunya ta leƙo.

"Labbo! Wata guda kiran shanu kaka koya min?"

"Shi kaɗai na iya, masoyiyata..."

Malam Sa'idu ya yi dariya har da hawaye. Inna da ta fito kallo ta koma ciki tana tambayar ina Zinatu.

"Baba," in ji Labbo, "in an ba ni, wagga hwarar ita ce sadaki. Ta riga ta san muryar mai ita."

"An ba ka. Amma ka hidda ta, tana cinye min damin dawa."