Tukunyar da Nuha Ta Ciro

Shekara da shekaru Dakta Fadila tana koya wa ɗalibanta cewa labarin garin da ambaliya ta haɗiye a Kalakla tatsuniyar tsofaffi ce kawai. Sai ga Nuha, ɗalibarta ta jiya-jiya, ta yi nutso a kogin Farin Nilu, daidai wurin, ta fito da tukunya ko tsagewa babu, har da shatin babban yatsan maginiyar a wuyanta. Daga Khartum har Omdurman ba a zancen kowa sai Nuha.

Bayan isha'i Fadila ta sace tukunyar daga ma'ajiya, ta nufi bakin kogi don ta mayar da ita inda ba mai sake ganinta. Tana isa, kwaɗi suka yi tsit. Wata tsohuwa na zaune a kan laka, mayafinta yana ɗigar ruwa, tana warin taɓo mai sanyi.

"Sannu da hutawa, Hajja."

"'Yata, tukunyar nan wa ya ciro ta?" Muryar kamar daga ƙasan rijiya.

Fadila ta buɗe baki za ta faɗi sunan ɗalibarta, sai ta fasa. Nan ma Nuha?

"Ni ce. Da hannuna."

"Madalla. Tun ranar muke neman wadda ta shigar mana ɗaki ba sallama."

Tsohuwar ta ɗora babban yatsanta a kan shatin, ya zauna daram. Ɗaya hannun kuwa ya riga ya riƙe wuyan hannun Fadila, ruwa kuma ya kai musu idon sawu.